Ƙarfin Namiji: Ba Kullum Tsufa Ba Ne

Kowane makiyayi a Alakos ya san taure. In aka dandaƙe bunsuru, sai ya daina bin awaki, ya yi sanyi, ya yi ƙiba. An raba shi da wani sinadari da maraina ke zubawa cikin jini. Likitoci suna ce masa testosteron.

Ɗan Adam ma yana da shi. Shi ke fiddo gemu, ya buɗe murya, ya ƙarfafa tsoka da ƙashi, ya kawo sha'awar iyali. Daga wajen shekara 40 yana raguwa sannu sannu, kamar kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Wannan ba ciwo ba ne.

Amma wani magidanci, tun bai tsufa ba, sai sha'awa ta ɗauke. Gabansa ya daina tashi da asuba. Ya ɗauki hauya, kunya biyu ta gajiyar da shi. Damtse ya zube, tumbi ya fito, wani har nono ya kumbura. Sai ya yi shiru, ya ce basir ne ko sammu. Matarsa kuwa ta zaci ya daina son ta.

Abubuwa da dama suna kawo haka: hangum da ya sauka ga maraina, bugu a wurin, ciwon suga, ƙiba mai yawa. Akwai kuma tramol. Samari suna shan shi don ƙarfin noma, alhali yana rage ainihin ƙarfin da suke taƙama da shi.

In abin ya daɗe, jini yana raguwa, ƙashi ya yi rauni har ƙaramar faɗuwa ta karya shi, haihuwa kuma ta yi wuya.

Ido ba ya gane wannan ciwo, sai awon jini. Da safe ake ɗibar jinin, kafin a karya kumallo, kuma sai an yi sau 2. Mutum ya fara da gidan likita mafi kusa, a auna suga da hawan jini. In da bukata, a tura shi Gure ko babbar asibitin Damagaram.

Ƙwayar ƙarfin maza ta ranar kasuwa ba ta maido da sinadarin, kuma tana iya kada mai ciwon zuciya. Allurar testosteron ma ba ta kowa ba ce: tana tsayar da maniyyi. Mai neman haihuwa ya gaya wa likita tun farko.