Yadda Ake Kula da Kwamin Ninkaya na Gida

Duk wanda Allah ya hore wa abin hannu har ya haƙa kwamin ninkaya a bayan gidansa, irin waɗanda ake gani a manyan gidajen Nasarawa da Bompai a Kano, ko Maitama da Asokoro a Abuja, ya kamata ya sani cewa ranar da magini ya manna tayil na ƙarshe ya karɓi ladansa, a ranar ne ɗawainiya ta soma. Kwami mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, wanda zurfinsa a daidaice ya kai mita 1.5, yana cin ruwa lita 75,000. Kuma ruwa mai wannan yawa ba a zubar da shi duk mako a sake wani, sai fa in mutum ya yarda a kira shi almubazzari a garin da maƙwabtansa ke sayen jarka a hannun 'yan garuwa. Saboda haka ruwan nan guda shi za a yi ta reno, rani da damina, shekara da shekaru.

A galibin gidajen da na sani, ba maigida ke wannan aiki ba. Mai kula da lambu ake ɗora wa shi a kan ban-ruwan furanni da yankan ciyawa, sau da yawa ba tare da an ƙara masa ko sisi ba, bisa zaton cewa duk wanda ya iya riƙe tiyo ya san sha'anin ruwa. A hannun irin waɗannan bayin Allah na koyi abin da zan faɗa, musamman wani dattijo da ya tsufa a aikin tun gidajen suna hannun Turawan kamfani, wanda bai yi boko ba, amma in ya tsaya a bakin kwami da sanyin safiya ya ƙura wa ruwa ido, yakan ce, "Wannan jibi zai juya," kuma ya juya ɗin. Irinsa sun yi ƙaranci yanzu. Samarin da suka gaje su sun fi son antaya magani a kan goge bango, domin zuba magani ba ya sa ciwon kafaɗa.

Aikin kullum ba shi da wani sirri. Bayan sallar asuba a ɗauki raga mai doguwar sanda a kwashe ganyen darbejiya da na mangwaro tun ba su jiƙe sun nutse sun bar tabo a ƙasa ba, a zazzage kwandon da ke bakin da ruwa ke shiga da kuma wanda ke jikin injin da ke zagaya da ruwa, a duba ko ruwa na nan a tsakiyar wannan baki, domin in ya sauka ƙasa da shi inji zai haɗiyi iska, ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Sau biyu a mako a bi bango da buroshi, a matsa wa lungunan matakala da bayan tsani, inda ruwa ba ya motsi kuma santsi ke fara kamawa. Inji kuwa yana bukatar kamar awa 8 a yini, gwargwadon abin da zai isa ruwan duka ya ratsa matata aƙalla sau ɗaya. Inda wuta ba ta zama, sai a tsinci awannin nan gutsi-gutsi, wasu da wuta, wasu da janareta, amma a cika su.

Kowane lokaci na shekara da irin fitinarsa. Da hunturu ƙura ce, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi ƙwarai, sai ka share ƙasan kwami da yamma ka wayi gari ka iya rubuta sunanka a kai da sanda. Da bazara rana ce ke shanye ruwan, tana kuma cinye magani. Amma damina ita ce babbar jarrabawa, domin ruwan sama yana tsinka maganin da ke ciki, yana wanko datti daga rufi da bishiyoyi, ga kwaɗi ga shinge, ga ɗumin da gansakuka ke so.

Mun karanta tun muna yara, a Ishmawi da Risala, cewa ana hukunta ruwa da siffofi uku, launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa, kuma wannan ƙa'ida ta wadatar a babin ɗahara. Mai kwami kuwa, da yake mutane da yawa ke shiga ruwa guda da guminsu da man jikinsu, yana bukatar shaida ta huɗu wadda ido da hanci ba su kai gare ta, domin ruwa yakan yi garau alhali babu ɗigon magani a cikinsa. Wannan shaida ita ce ɗan akwatin gwaji mai kwalabe biyu. Ana nitsa shi har gwiwar hannu, nesa da inda ruwa ke fitowa daga inji, a ɗiga wa kowace kwalba maganinta, a girgiza, a ɗaga a inuwa a kwatanta da launukan da ke jiki. Ɗaya tana faɗin yawan kulorin, wanda ake so ya tsaya tsakanin miligiram 1 da 3 a kowace lita. Ɗayar tana faɗin mizanin da ake kira pH, wato karkatar ruwa zuwa tsami ko zuwa kanwa, wanda ake so ya zauna tsakanin 7.2 da 7.6. Na biyun nan shi aka fi rainawa, shi ne kuma jigo, saboda a 7.5 kusan rabin kulorin ne ke da kaifin kashe ƙwayoyin cuta, in ya kai 8 kuwa sai ya koma kusan rubu'i. In kuma ya faɗi ƙasa da 7, ruwan zai soma cin simintin da ke tsakanin tayil da ƙarfen tsani, ya riƙa yi wa yara zafi a ido. Ana ɗaga pH da garin soda, wanda ɗan'uwan kanwa ne sai dai tacacce, ana sauke shi da asid. Kuma sharaɗin asid, wanda babu rangwame a cikinsa, shi ne a zuba shi a cikin ruwa, kada a kuskura a zuba ruwa a kansa.

Garin kulorin da ake sayarwa a duro, wanda ƙarfinsa yakan kai kashi 65 cikin 100, ana narka shi a bokitin ruwa a zaga da shi gefe-gefe bayan magariba, inji na aiki, domin hasken rana yana lalata shi cikin 'yan awanni, wanda ya zuba da hantsi ya yi wa rana sadaka. Lissafinsa mai sauƙi ne: a kwamin da muka ambata, kamar giram 115 ke ɗaga ma'auni da miligiram 1. Akwai kuma na dunƙule mai narkewa a hankali, wanda ke ɗauke da wani sinadari da ke kare shi daga rana, sai dai wannan sinadari yana taruwa, ba ya fita sai an rage ruwa an ƙara sabo, kuma in ya yi yawa yana dakushe maganin. Ba a haɗa na gari da na dunƙule a mazubi ɗaya, ba a ajiye su kusa da asid ko fetur ko takin zamani, domin suna iya kama wuta ko su tayar da hayaƙi mai halakarwa. Akwai wani kuskure da ya game gidaje. In maigida ya ji warin magani ya cika wuri, idanun yara sun yi ja, yakan ce, "Malam, ka cika magani," sai dattijon nan ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙaranci ya yi." Gaskiya kuwa tana wajensa, domin wannan wari na kulorin ne da ya riga ya haɗu da gumi da fitsari ya gaji, maganinsa kuma shi ne a ƙara mai yawa a dare ɗaya ya ƙone shi.

Matata randa ce cike da yashi, da agogo a kanta mai nuna matsin ruwa. A riƙe lambar da allura ke nunawa sa'ad da yashi ke da tsabta. In ta haura da maki 8 zuwa 10 na psi, sai a juya ruwa ya bi ta baya ya wanke yashin minti biyu ko uku, har ɗan gilashin da ke gefe ya washe, a ɗauraye na rabin minti, a mayar. Ba a taɓa murɗa hannun bawul inji na tafiya, ko da an yi gaggawa.

Duk wannan kowa zai iya. Inda ake gane gwani shi ne ranar da kwami ya juya, ko don an tafi gida hutun Salla, ko don inji ya lalace a tsakiyar Agusta, aka dawo aka tarar da ruwa kore shar, ba a ganin ko matakala ta biyu, sauro har ya soma ɗaukarsa gado. Abin da zuciya ke fara rayawa shi ne a zuƙe shi duka a huta, kuma wannan shawara ce mai haɗari da damina, domin ƙasa ta ƙoshi da ruwa, kwamin da babu nauyi a cikinsa kuma ruwan ƙasa yana iya tsaga shi ko ya ɗaga shi. Hanyar ita ce a kwashe abin da raga za ta iya kwashewa, a sauko da pH zuwa 7.2, a zuba kulorin ninki goma na abin da muka lissafa, wato fiye da kilo guda, a goge bango da ƙasa da iyakar ƙarfi, a bar inji dare da rana, a sake gwadawa a sake ƙarawa, har koren ya koma fari-fari mai duhu. Gansakuka ta mutu ke nan, sai dai gawarta ta fi ƙarfin yashi don ƙanƙanta, tana shiga matata tana fitowa yadda ta shiga.

A nan ake kiran alif, wannan dai da mata ke jefawa a randar ruwan rafi, wanda kuma ma'aikatun tace ruwan sha ke amfani da shi buhu-buhu. Tun da yana ja wa ruwa tsami, sai a fara mayar da pH wajen 7.5, a narka shi gwargwadon abin da aka rubuta a jikin buhu, a murɗa bawul zuwa inda ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi ta yashi ba, don kada ya toshe shi, a bar inji kamar awa biyu, sannan a kashe. Daga nan kada kowa ya taɓa ruwan, ko da yatsa, har gari ya waye. Da safe za ka ga abin mamaki: sama garau har ƙasa, dattin duka ya kwanta a gindi kamar gasara a ƙwarya, kuma kamar gasarar, ƙaramin motsi ya isa ya dama shi.

Sauran aiki shi ne a zuƙe wannan kwanciya a fitar da ita waje, kuma a nan ne mutane da yawa ke rushe wahalar kwana uku cikin minti biyar. Ana fara nitsa dogon tiyon mazuƙi a tsaye, taƙi bayan taƙi, har iska ta fice ruwa ya fito ta ɗaya bakin, kana a jona shi a bakin da ruwa ke shiga. A murɗa bawul zuwa hanyar da ke zubarwa a lambatu kai tsaye. A saki famfo yana ƙara sabon ruwa a can gefe, a hankali, a jikin bango. Sannan a sauke kan mazuƙi daga wajen da ba zurfi, a tsaya rana tana bayanka don ka ga ƙasa, a riƙa tura sanda kamar taƙi guda a kowane numfashi, layi a jikin layi, kowane layi ya ɗan hau kan wanda ya gabace shi, ba a ɗaga kan ba, ba a fizga ba, kuma in za a juya a ƙarshen layi a juya da faɗi. Wahalar ita ce abubuwa biyu suna jan mai aiki zuwa fuskoki biyu: ruwa yana raguwa a kan idonsa yana ce masa ya yi sauri, domin da zarar ya sauka ƙasa da bakin da tiyo ke jone iska za ta shiga, zuƙa ta tsaya, abin da ke cikin tiyo ya komo ya watsu; dattin kuma yana ce masa ya yi sannu. Gwani shi ne wanda ya san cewa na biyun ake bi. In ruwa ya kusa iyaka sai ya kashe inji ya jira famfo ya cika. In ya ga hazo ya soma tashi a gaban mazuƙi sai ya tsaya cik, in kuwa ya riga ya tashi, ya jingine sanda ya tafi wani aiki, ya dawo bayan la'asar ko washegari, ba tare da ya ji cewa an ci shi ba. Dattijon nan ba ya amsa ko sallama da baki a wannan lokaci, sai dai ya ɗaga gira, kuma in ya gama za ka ga layukansa a ƙasan kwami sun miƙe ba wanda ya karkace.

Wannan dabara ta alif ita ce kuma maganin wata matsala da ke ruɗa masu cika kwami da ruwan burtsatse. A wasu wurare ruwan yana ɗauke da narkakken ƙarfe wanda ido ba ya gani, sai an zuba kulorin ya mayar da shi tsatsa, ruwan da ya shigo fari tas ya koma ja-ja cikin awa guda, a yi ta zargin mai sayar da magani alhali ba shi da laifi.

Bayan an gama zuƙa a cika ruwa zuwa tsakiyar baki, a wanke yashi, a mayar da bawul mazauninsa, a gwada pH a gyara, domin alif da sabon ruwa sun riga sun canza shi. Ba a barin kowa ya shiga sai ma'aunin kulorin ya sauko zuwa 3, kuma sai wanda ke tsaye a baki yana ganin murfin magudanar da ke can wuri mafi zurfi sarai, saboda ruwan da ya ɓoye wannan murfi zai ɓoye yaron da ya nutse. In sharuɗɗan nan biyu sun cika, sai a zare kwaɗon ƙofar shingen da ya kewaye kwamin a bar yara su shigo, wani babba wanda ya iya iyo yana zaune a bakin ruwa har su fito, sannan a mayar da kwaɗo.