Kura Da Masu Kiwo A Ƙasar Bagwai

Ran nan malaminmu na kimiyya ya ba mu labarin makiyayan Faransa, waɗanda suke kuka da kyarkeci tun da ya komo ƙasarsu a 1992, bayan an daɗe da ƙarar da shi. Da na koma gida na gaya wa kakana, sai ya yi dariya, ya ce ai mu namu kyarkecin kura ce.

Ya ce sa'ad da yake yaro, in magariba ta yi ba mai barin dabba a bayan gida. Akan kewaye garke da shingen ƙaya, a ɗaure awaki a turke, a hura wuta, a saki karnuka. Duk da haka wata bazara kura ta kutsa ta inda shinge ya yi rauni, ta ɗauke akuyar kakata mai ciki. Wannan akuya kuwa da ita ake sa ran sayen hatsi kafin kaka ta yi. A shekarar nan sai da aka ci bashi. Saboda haka in mai kiwo ya ƙi jinin kura, ni ban ga laifinsa ba.

Amma malam ya nuna mana wani abu. Kura a ƙasarmu iri biyu ce: akwai mai dabbare-dabbare, wadda take farauta sosai, akwai kuma sayaki, wanda yawancin abincinsa mushe ne. Muddin akwai gada da barewa a daji, ba kullum kura ke sha'awar tunkarar wuta da karnuka ba. Da aka sare daji, maharba kuma suka ƙarar da namun, ina za ta nufa in ba garke ba? Da yawa aka kashe da tarko da guba, har da sayakin da ke kwashe mana mushe.

Yanzu gona ta haɗe da gona, ga noman rani a Watari, kura ba ta da wurin ɓuya. Ni ban taɓa jin kukanta da dare ba. Sau biyu na gan ta: a gidan namun daji na Audu Bako a Kano, sai kuma ran kasuwa a hannun gardawa, an sa mata takunkumi, ana janta da sarƙa. Kakana ya tsaya ya dube ta, ya ƙi ba gardi ko kwabo.