Horon Da Ke Gyara Ɓarna: Darasi Ga Iyaye Da Malamai

Idan ɗalibi ya saci littafin ɗan'uwansa, abin da aka saba shi ne a yi masa bulala a gaban jama'a, ko a kore shi daga makaranta. Sau da yawa mai littafin ba ya samun abinsa, wanda aka kora kuwa sai ya shiga gari da ɗacin rai. Ikkilisiya tana koya mana hanyar da ta fi wannan.

A Bishara ta Luka sura 19, Zakka mai karɓar haraji ya tuba, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Katekism na Ikkilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya koyar a lamba 1459 cewa samun gafara ba ya ɗauke wa mai zunubi nauyin gyara ɓarnar da ya yi. Lamba 2266 kuma ta kwatanta hukunci da magani, domin ana so ya gyara mai laifi. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a saƙonsa na 1 ga Janairu 2002, ya nuna cewa salama tana bukatar adalci, adalci kuma yana bukatar gafara.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Mashi. Idan dabbobi suka yi ɓarna a gona, mai unguwa ko dagaci yakan zaunar da manomi da makiyayi, a kimanta asarar, a biya, a yi musafaha. Dokar gidajen gyaran hali ta Nijeriya ta 2019 ma ta amince da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta.

Saboda haka, bari malami ya fara da sauraron yaron da aka cuta. Sa'an nan mai laifin ya faɗi abin da ya aikata da bakinsa, a gaban iyayen duka biyu. A yanke abin da zai mayar, ko aikin da zai yi a madadinsa. In ya cika, a karɓe shi cikin aji, kada a sāke yi masa gori.

Amma a kula: ba a tilasta wa wanda aka cuta ya yafe, laifi mai girma kamar fyaɗe kuwa dole a kai shi gaban hukuma.

Ubangiji ya ba mu hikimar yin horo cikin adalci da jinƙai. Amin.