Katin Wi-Fi ya ƙi bayyana a Linux

Tambaya: Na sa wa laftof ɗina sabon katin Wi-Fi, Intel AX201, amma Ubuntu ba ta ganinsa. Direba zan nema?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata da maganar direba tukuna. Buɗe taminal ka rubuta lspci. Idan sunan katin ya fito, to kernel ya gan shi. Sai ka leƙa dmesg. Galibi za ka tarar direban iwlwifi yana kukan rashin firmware, kuma sabunta linux-firmware kan share wannan hawayen.

In kuwa bai fito ba sam, babu direban da zai cece ka, kuma a nan nake zargin matsalarka take. AX201 rabin kati ne, sauran aikinsa yana cikin guntun Intel na kan motherboard ɗin kwamfutar. Zai shiga ramin M.2 daram, amma a injin AMD ko tsohon Intel ba zai motsa ba. Masu sayarwa da yawa ba sa faɗa wa mutane wannan, abin yana damuna ƙwarai.

Kafin ka yanke hukunci, cire batir, zare katin, kakkaɓe ƙura, mayar da shi ka ɗaure notin, sannan ka tabbatar ba a kashe shi a BIOS ba. Idan har yanzu shiru, mayar wa mai sayarwar da kayansa ka karɓo katin AX200.