Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

Ɗana, tunda maganar Turai ta ƙi fita daga bakinka, zo mu yi ta a tsanake. Ba zan ce kada ka tafi ba. Mu jikokin fatake ne. Kakanninmu sun kai Gwanja da ƙafa neman goro, iyayenmu sun yi cirani a Ikko, kuma har gobe motocin da ke bin hanyar Kano zuwa Daura ta tsakiyar Kazaure suke ratsawa, wasu su ƙetara Kwangwalam su nufi Matamai da Damagaram, daga can sai Agadas. Jami'an shige da fice sun sha tare samari da 'yan mata a wannan hanya da ta wajen Babura, kowa da 'yar jakarsa da lambar wayar wani dillali. Abin da nake so ka sani shi ne, ƙasa ɗaya takan zama da tuta ɗaya da kuɗi ɗaya, amma zaman cikinta ya bambanta kamar ba gwamnati ɗaya ke riƙe da ita ba. Wanda ya bi ta ruwa kuwa, gefen da aka manta da shi yake fara taka wa.

Ka ɗauki Lampedusa, inda yawancin kwale-kwalen da ke tashi daga Libiya da Tunisiya suke dosa. A takarda Italiya ce. A ƙasa kuwa wani falalen dutse ne a tsakiyar Bahar Rum, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 20 ne, mutanensa kimanin 6,000. Tsakaninsa da Tunisiya kilomita 113 ne, tsakaninsa da Sisili ya haura 200, wato ya fi kusa da mu a kan masu shi. Babu kogi a cikinsa, babu ƙorama. Da ruwan sama suka rayu, sannan da wanda jirgin ruwa ke kawowa, sai kuma na teku da inji ke tacewa. Mace in cikinta ya tsufa sai ta haɗa kaya ta ƙetara Sisili ta kama haya ta jira naƙuda, domin tsibirin ba shi da asibitin haihuwa. Jirgin da ke kawo kayan masarufi daga Porto Empedocle ta Sisili yakan kwana a hanya, in teku ta yi fushi ya fasa zuwa, kanti ya wayi gari ba kayan miya. Waɗannan Turawa ne fa, masu fasfo ɗin da kake mafarki.

Amma ka ji halinsu. Ranar 3 ga Oktoban 2013 wani jirgi ya kife dab da gaɓar tsibirin, mutum 368 suka rasu, yawancinsu 'yan Eritiriya. Masunta da mutanen gari na cikin waɗanda suka fara tsamo masu sauran numfashi. Tsohon likitan tsibirin, Pietro Bartolo, ya shafe shekaru kusan talatin yana duba masu isowa, rayayyu da gawawwaki. A watan Satumban 2023 baƙi wajen 7,000 suka sauka cikin kwana biyu, sun fi 'yan garin yawa, alhali sansanin saukar baƙi a lokacin na mutum 400 ne. Mata suka dafa taliya suka fito da ita bakin titi. Allah Ya saka musu, ko da addininmu ba ɗaya ba. Sai dai tausayin talakan tsibiri ba ya zama takardar zama. Za a ɗauki hoton yatsunka a nan, kuma bisa dokar ƙasashen Turai ƙasar da ka fara shiga ita ke da alhakin sauraron ƙararka. Mutum nawa suka lallaɓa har Jamus aka duba kwamfuta aka ce su koma Italiya?

Akwai wanda ya fi wannan ban mamaki. Can a Tekun Indiya, tsakanin Madagaska da Mozambik, akwai tsibirin Mayot. Musulmi ne kusan dukkansu, ana kiran salla, ana azumi, mata na ɗaura zane kamar na gida. A ƙuri'ar 1974 sauran tsibiran Komoros suka zaɓi 'yancin kai, su suka ce suna nan tare da Faransa. A 2011 aka mai da su cikakken yanki na 101 na ƙasar. Yuro suke kashewa, suna da wakilai a majalisar Faris, wadda ke nesa da su da kilomita wajen 8,000. Duk da haka ƙididdigar gwamnatin Faransa da kanta ta nuna kashi 77 cikin ɗari na mutanen Mayot suna ƙasa da ma'aunin talauci na ƙasar. A 2023 fari ya kai su ga sai a rufe famfo kwana biyu a buɗe kwana ɗaya. Ranar 14 ga Disamban 2024 guguwar Chido ta kwashe unguwannin gidajen langa-langa da ke kan tuddan Mamudzu, babban birninsu. Kuma mutanen Anjuwan ta Komoros, mai nisan kilomita 70 kacal, suna ta nutsewa a ƙananan jirage don su isa wannan wuri, saboda a idonsu shi ne Turai. Wanda ya isa ya samu takardar zama sai ya tarar ta tsibirin ce kawai. In yana son Faris sai ya sake neman biza. 'Yan Kwango da Ruwanda da Somaliya sun yi watanni suna kwana a filin ƙwallon Kabani a 2024, sun shiga Faransa, ba su shiga ba.

Kai ɗan Gwiwa bai kamata wannan ya yi maka wuyar ganewa ba. Tun 1991 da aka yanke Jigawa daga Kano muke jiha ɗaya da mutumin Dutse, amma mu da na Roni in takarda ta kai mu sakatariya, sau da yawa sai mun ratsa ta cikin jihar Kano mu ɓata yini. Naira ɗaya muke kashewa da mai zama a Maitama. In ciwo ya yi tsanani cikin dare, shi mota zai tayar minti goma, mu kuwa sai an nemo mai mota zuwa Kazaure, in abin ya gagara a ce sai asibitin Malam Aminu Kano. Nisa da inda ake yanke hukunci haka yake yi wa mutane ko a ina, Bature ne ko Bahaushe.

Kada ka ɗauka ina kushe can cikin ƙasar. Gaskiya dai gaskiya ce. A Milan ko Liyon ka buɗe famfo ruwa ya zo, wuta ba ta ɗaukewa, jirgin ƙasa na da lokaci. Italiya ta kafa tsarin lafiya na kowa da kowa tun 1978, a Faransa kuma sa'a 35 ce aikin mako a doka. Wanda ya shiga da biza ta karatu ko ta aiki, yana da sana'a a hannu, zai ci moriyar wannan, har ya turo wa gida. Na san ana yi, kuma ina yi musu murna. Wanda ya shiga ta Lampedusa ba takarda, galibi gonakin tumatir na Foggia ne makomarsa. A can ɗan kamasho ke ɗibar leburori da asuba, a biya su bisa yawan akwatin da suka cika, ya cire kuɗin mota, wani lokaci har na ruwan sha. Da dare su koma bukkokin katako da leda na Borgo Mezzanone, inda gobara ta sha cin rayuka. Abin ya yi muni har sai da Italiya ta tsaurara doka a kansa a 2016, kuma bai daina ba. Tumatir ne dai, ɗana, irin wanda ake nomawa da rani a bakin dam ɗin Kazaure, inda in ka sunkuya gonar taku ce, in ka miƙe a san ɗan gidan wane ne.

Akwai kuma abin da waya ba ta nunawa. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe mutum kusan 15,000 a Faransa, mafi yawansu tsofaffi, da dama su kaɗai a ɗaki. A Faris gawa 57 aka rasa mai zuwa ya ce tasa ce, sai hukuma ta binne su. Ni a shekaruna wannan ya fi tsaya mini a rai fiye da albashi. A Babura ko Roni mutum ya rasu da hantsi, kafin azahar an yi masa sutura, sahu ya cika har da waɗanda bai taɓa gaisawa da su ba. Na tabbata mutanen Mayot, da talaucinsu da famfonsu a rufe, sun fi kusa da mu a wannan fiye da Faris ɗin da suke kallo a talabijin.

Saboda haka in zuciyarka ta kafe, yi shiri irin na manya. Ga kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure, ga jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Samu takardar wani abu da hannunka ya iya, walda ce, wayarin ne, jinya ce, kwamfuta ce. Yi fasfo da sunanka na gaskiya. Duk wanda ya ce a sayar da gona a ba shi rabin kuɗi a Kano, sauran a Sabha ta Libiya, ka bar shi da Allah, domin a Sabhan ne ake tsare mutane a bugo wa iyaye waya suna jin kukan ɗansu. Shi kuma abokin nan naka da ke turo hotuna a jikin motoci, ka yi masa tambaya cikin ladabi: wane gari yake takamaimai, wace irin takarda ce a aljihunsa kuma yaushe za ta ƙare, su nawa ne a ɗakin da yake kwana, nawa ke saura bayan haya, kuma da ya kwanta ciwo wa ya kai shi asibiti. Ka ce ya ɗauko maka hoton ɗakin, da na wurin aikin. In ya turo, ka kawo mu duba tare da mahaifinka bayan la'asar, sai mu san da wace addu'a za mu raka ka.