Kamun kifi da jatan lande na ƙarya

Ƴan uwa masunta, kowa ya san wahalar neman tana ko ƙaramin kifi don sawa a ƙugiya. Abin yakan ruɓe, kuma yakan ƙare tun hantsi bai yi ba. Masu fatsa na ƙasar Amurka suna da wata dabara wadda ta kamata mu sani.

A kogunansu akwai wani kifi mai cin nama, ana ce da shi bas. Yana son jatan lande ƙwarai. Jatan landen can yana da hannuwa biyu kamar na ƙaguwa. Yana ɓuya ƙarƙashin duwatsu. In ya tsorata, sai ya kaɗa wutsiya ya gudu da baya.

Don haka sai su ƙera na ƙarya a jikin ƙugiya. Ga yadda suke yi:

1. Su ɗaura gashin zomo da zare, ya zama jiki. Launinsa ƙasa-ƙasa ne.
2. Su ɗaura gashin kaza biyu wajen lanƙwasar ƙugiya, su zama hannuwa. Kada su yi girma, gama kifi ya fi son mai ƙananan hannuwa.
3. Su ɗaura ɗan abu mai nauyi yadda tsinin ƙugiya zai dubi sama. Ta haka ba ta maƙalewa a dutse.
4. Su jefa, su bari ya nutse. Sa'an nan su riƙa fizgar zare kaɗan kaɗan, suna tsayawa. Kifi ya ga abinci yana gudu, sai ya kai cafka.

A ruwayenmu babu irin wannan jatan lande, amma dabarar tana da amfani gare mu. Giwan ruwa da tsage na kogin Kwara su ma masu cin nama ne. In ka kama ɗaya, ka buɗe cikinsa ka duba abin da ya ci. Shi za ka kwaikwaya.

Ƙugiya guda za ta yi maka aiki kwanaki da yawa. Kuma ba ta kwashe ƴaƴan kifi kamar yadda sange ko guba suke yi. Kifin da aka bari bana, shi ne abincin iyali baɗi.

Hattara: in ka yi nauyin da darma, kada ka cije ta da haƙori. Darma guba ce. A nisanta ta da yara.