Kafin Ku Ƙirga Kuɗin Fili

Ƴaƴana matasan Ɗan Issa, na ga da yawanku sun fara tara abin hannu, wani daga fataucin Jibiya da Katsina, wani daga ci-rani, wata daga adashi da kiwon tumaki, kuma kowa burinsa ya mallaki kangon da zai kira nasa, ko shago a bakin kwalta. Buri ne mai kyau. Garinmu yana kan hanyar Maraɗi zuwa Katsina, ga manyan motoci dare da rana, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Duk inda aka ce jirgi zai ratsa, ƙasa takan yi daraja, dillalai su yawaita, bakinsu ya ƙara zaƙi. Shi ya sa nake so mu yi magana tun kuɗin suna aljihunku.

Kafin ku tambayi farashi, ku tambayi wanda ke da ikon sayarwa. Yawancin filayen da ke kewaye da gari gonakin gado ne. Mutum ya rasu ya bar mata da ƴaƴa, ba a raba ba, babban wa ya ci gaba da nomawa shekara da shekaru, har bakin mutane ya saba da cewa gonar wane. Shi zai kai ka, ya nuna maka iyaka da sanda, daga wannan gawo zuwa waccan aduwa, kuma ba ƙarya yake yi ba da ya ce ta mahaifinsa ce. Sai dai rabonsa kaɗai ya mallaka. Ƙanwarsa da ke aure a Gabi tana da haƙƙi, ƙaninsa da ya daɗe a Legas yana da haƙƙi, matar mamacin tana da tumunin takaba, ƙananan marayu ma suna da nasu ko ba su san shi ba. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya dawo ya tarar da katangarka, kai zai kama, domin mai sayarwar ya daɗe da kashe kuɗin. A mazhabarmu ta Malikiyya akwai kuma shuf'a: wanda ke tarayya a filin da ba a raba ba yana iya mayar maka da abin da ka biya, ya karɓi rabon da ka saya. Don haka ku nemi ganin shaidar rabon gado, ko kuwa magada duka su hallara su sa hannu, har da mata. Kada wanda ya ce muku zai wakilci ƴar'uwarsa da baki.

Ku kula da aro da jingina. Kakanninmu sukan ba baƙo gona ya noma don Allah, ko su jinginar da ita a shekarar yunwa, duk da baki. Jikan wanda aka ara wa ya taso yana ganin tasa ce. Tsofaffin unguwa da maƙwabtan iyaka su ne suka san wannan tarihi, kuma gaisuwa da goro sun isa su buɗe maka bakinsu.

Akwai ƙasar da ba ta sayuwa ko da kowa ya yarda. Burtali, makiyaya da mashayar dabbobi na jama'a ne, dokar kiwo ta 2010 ta ƙara jaddada haka, kuma duk wanda ya sayar maka da su iska ya sayar maka. Mu da muka ga jiya ba mu manta da Toda ba, a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100 a wannan jiha tamu ta Maraɗi. Idan fili ya yi araha fiye da kima, ku tambaya ko shanu na bi ta nan da kaka, ko Gulbi na kwana a cikinsa da damina, ko an shata shi don hanya.

Sai maganar takarda. Tun ranar 2 ga Maris 1993 ƙasarmu Nijar ke da dokar ƙasar karkara, wadda ta amince da mallakar gargajiya kamar yadda ta amince da ta rubuce, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa da muke kira kofo. Akwai na ƙauye, wanda mai gari ke shugabanta tare da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Akwai na kwamin. Akwai na Madarunfa mai kula da gundumar baki ɗaya. A wurinsu ake samun takardar shaidar mallakar gargajiya da ta ciniki, bayan an je an ga filin, an kira maƙwabta. Idan kuwa kango ne cikin filayen da aka yanka, ku je ma'aikatar magajin gari da kanku, a buɗe littafi a gabanku, ku ga lambar filin da sunan da ke kanta, ku tabbatar hukuma ta amince da yankan. Kango ɗaya yakan sayu ga mutum uku da hoton takarda ɗaya. Bayan ciniki a sauya suna zuwa naku, kada ku ajiye takardar wani a ƙarƙashin katifa kuna cewa naku ne. Wanda ya samu hali ya wuce har ga takardar mallaka ta dindindin a ofishin rajistar filaye. Ita ce banki ke karɓa, a can ne kuma ake gane ko an riga an jinginar da gidan. Ko gwamnati ce ta buƙaci wurin don amfanin jama'a, doka ta wajabta diyya, amma mai shaida a hannu shi ke samun sauƙin karɓa.

Masu sha'awar saye a Jibiya ko Katsina, ku sani can wata doka ce daban. Tun 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, kuma sauya hannun fili mai takardarsa sai da amincewarsa.

Shago yana da nasa tarko. Sayen gini daban, sayen kasuwancin da ke cikinsa daban, sayen zama a rumfar kasuwa kuma wani abu ne na uku, domin sau da yawa ƙasar ta hukuma ce, zaman kawai ake sayar maka. Idan akwai ɗan haya a ciki, dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ba ta yarda sayar da gini ya kashe yarjejeniyar haya ba. Kai ne sabon mai gida, da sharuɗɗan da ka tarar. Ɗan kasuwar da ya shekara 2 yana sana'a a wurin bisa ƙa'ida yana da haƙƙin a sabunta masa, in ka ƙi kuma ana iya sa ka biya shi diyya. Ku tuna kuma da yadda bakin iyaka ya yi tsit da aka rufe shi a 2019, aka sake rufewa a 2023. Kada ku ci bashin da cinikin kan iyaka kaɗai zai biya.

Na san abin da ke hana ku duk wannan: kunya. Mai sayarwa kawunka ne, ko abokin mahaifinka, kana jin nauyin ce masa a rubuta. Ɗana, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu yana kare zumuncin da zai rage bayan kai da kawun naka kun kwanta dama, lokacin da ƴaƴanku za su tsaya gaban mai gari, daga nan gaban sarki, in sulhu ya gagara a wuce kotun Madarunfa. Na ga gidajen da suka daina gaisawa a kan taku biyar na ƙasa.

Ku biya kuɗi a gaban shaidu, a rubuta adadin gaskiya, ba wanda aka rage don gudun haraji ba. A kafa alamun iyaka a ranar, maƙwabta na tsaye. Ku ƴan mata, abin da kuka saya da guminku a rubuta shi da sunanku. Duk dillalin da ya ce muku sai yau, gobe wani zai ɗauka, ku ce masa Allah ya ba wancan sa'a, ku koma gida da kuɗinku.